Na rubuta kuɗin shadda ba daidai ba, yanzu ana ce mini ƴar damfara a gurup

Saƙon nan daren Talata ya shigo mini, na ɗan gajarta shi:

«Anti ina wuni, don Allah shawara nake nema. Ni a Sabon Gari nake nan Damagaram, wata huɗu kenan da na fara saida shadda da atamfa a statu na WhatsApp da wani gurup na mata a Facebook, jarin jikka 150 ne, wato sefa 150.000, maigidana ya ba ni. Ranar Asabar na saka shadda mita 5, kuɗinta 17.500, sai na tsallake 1 ɗin na rubuta 7.500, ban lura ba sai magariba. Kafin nan mutum uku sun turo kuɗi. Ɗaya ta tambaye ni a vokal wai da gaske 7.500 ne, ina tsakiyar girki na ce mata eh ban duba ba. Da na gane sai tsoro ya kama ni, na goge hoton na kashe waya har safe. Yanzu ta biyun ta saka kaptir, wato hoton fuskar waya, a gurup ta ce ni ƴar damfara ce, ta ukun kuma ƙanwar uwar mijina ce. Ga wata a Tanut da na aika ma atamfa tana cewa ba kalar da ta gani a hoto ba ce. Shaddar nan 14.000 ta iso mini daga Kano. Wallahi ji nake kamar in bar sana'ar.»

Ƙanwata sannu, Allah ya huci zuciyarki. Na san daren nan da kika kashe waya ba ki yi barci ba, kuma na san abin da ya fi ci miki rai ba kuɗin ba ne, sunan nan ne da aka kira ki da shi a gaban mata, wasu ma ƴan unguwarku ne da za ku haɗu gidan biki. Kar ki bar sana'ar. Amma zan gaya miki gaskiya tunda ita kika zo nema, mantuwar 1 ɗin nan ba ita ta ja miki zagi ba, duk mai saida kaya a waya ya taɓa yin irinta, abin da ya ja miki shi ne goge hoton da kashe wayar. Ki ɗan tsaya a wurin matar nan: ta je wurin masu aika kuɗi, Nita ko Amana, ta tura kuɗinta, ta biya kuɗin aike, ta riƙe resi a hannu, ta dawo gida ta duba hoto babu, ta kira lamba a kashe. Me za ta ce? Ai haka ƴan damfara na gaske suke yi sak, kuma a garin nan da wuya ki samu matar da ba a taɓa yi mata ba ko ba a yi wa ƴar uwarta ba. Ita ba ta ga zuciyarki ba, abin da ta gani kawai ta faɗa. Don haka kar ki ɗauke ta abokiyar gaba.

Abin da za ki fara yi yau, kafin ma ki gama tunanin kuɗi, ki koma wurin da aka yi maganar. A gurup aka kira ki ƴar damfara, to a gurup za ki amsa, don in kin bi matar a ɓoye kun sasanta, sauran matan da suka ga kaptir ba su ga sasantawar ba, abin da suka gani shi zai zauna musu. Ki rubuta gajere, kar ki yi rantse-rantse kar ki yi kuka a vokal, wani abu kamar haka: «Salamu alaikum ƴan uwa, ni ce mai shaddar nan. Kuskure na yi wurin rubuta kuɗi, 17.500 ne na saka 7.500, kuma da na gane na tsorata na goge na kashe waya, wannan ma laifina ne. Mutum uku sun turo kuɗi, kuɗinsu na hannuna, yau zan kira kowacce mu gama. Ku yi haƙuri.» Shikenan. Kar ki ce matsalar rezo ce, wato sabis ɗin waya, kar ki ce yaro ne ya taɓa wayar, Damagaram ƙaramar gari ce ga mai ƙarya, gobe wata za ta ce ai ta gan ki onlayin. Kuma in wata ta sako baƙar magana a ƙasa ki ƙyale ta, ki amsa wa masu kuɗi kaɗai. In kin gama da su ki dawo ki rubuta layi ɗaya cewa an gama, in mai kaptir ɗin ta yarda ta rubuta da kanta cewa kuɗinta sun dawo, wannan ya fi duk wata talla da za ki yi a shekarar nan.

To yanzu kuɗin. Mutum ukun nan ba ɗaya suke ba, kar ki haɗa su a kwano ɗaya.

Wadda ta tambaye ki a vokal kika ce mata eh, a ganina ki ba ta shaddarta a 7.500. Na san da zafi, 6.500 za ki yi asara a kanta tunda 14.000 ta zo miki, amma matar nan ta yi abin da ya kamata mai saye ya yi, ta ga kuɗin ya yi arha ta tsaya ta tambaya, ke da bakinki kika tabbatar mata. Ciniki ya faɗa. In kika kira ta kika yi mata bayani ita da kanta ta ce a'a Allah ya sawwaƙe ta ci asararki, ta ƙara wani abu ko ta karɓi kuɗinta, to alheri ta yi miki, kuma akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yarda ya warware wa musulmi ciniki Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Amma wannan nata ne ta yi in ta ga dama. Ke dai ki kira ta da niyyar ba ta kayan, kar ki kira ta da murya mai sa mutum jin kunya har ya haƙura dole.

Mai kaptir ɗin kuwa ba ku yi magana ba, gani ta yi ta tura. Ita ki ba ta zaɓi biyu ta ɗauka: ko ki mayar mata da 7.500 ɗinta yau, haɗe da kuɗin aiken da ta biya, kuma na mayarwar ma ke za ki biya don ba ita ta yi kuskuren ba, ko kuma in tana son shaddar ki bar mata a yadda kika saro, 14.000, ta cika 6.500 ke ba riba. Ki faɗa mata uwar kuɗin ƙiri-ƙiri, ba abin kunya ba ne. Kuma don Allah ki kula da maganar kuɗin aiken nan, ƴan daloli ne amma a nan ake ɓata. Mace ta tura 7.500 ta biya na aike, ke kin mayar an cire mata wani abu, ta ƙirga ta ga ta yi asarar dala ɗari, wato sefa 500, ko fiye a kan laifin da ba nata ba, wallahi wannan dala ɗarin sai ta fi shekara tana ba da labarinta. In kin tura ki ɗauki hoton resi ki aika mata, ki ajiye naki.

Sai ƙanwar uwar mijinki. Wannan ba a waya ake yinta ba. Ki gaya wa maigidanki yau, duka, har da kashe wayar, kar ya ji a bakin wani, jarinsa ne kuma gidansu ne. Sannan ki sa hijabinki ki hau kabu-kabu ki je har ɗakinta ki gaishe ta, ki ce Inna kuskure na yi, ga yadda aka yi. Ki tafi da shaddar a leda da kuɗinta a hannu. In ƙarfinki zai ɗauka ki ajiye mata shaddar ki ce ta bar shi haka, 6.500 a kan uwar miji ba asara ba ce da za ki yi da-na-sani. Mu lissafa mafi muni: kin ba mutum biyu a 7.500, asara 13.000, ga kuɗin aike, a ce 14.000 ko kusa. A jarin jikka 150 bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ribar shadda huɗu ce a 3.500 kowace. Za ki mayar da shi kafin wata ya ƙare in Allah ya yarda, balle in biki ko salla ta matso.

Maganar Tanut ita ce ma na fi so ki tsaya a kanta, don ta kuɗin sau ɗaya ce, ta hoto kuwa in ba ki gyara ba kullum za ta dawo. Ba ki faɗa ba amma ina kyautata zaton hoton da kika saka ba ke kika ɗauka ba, wanda mai shagon Kantin Kwari ya turo miki ne, kusan duk sabbin masu sana'a haka suke farawa. Hotunan nan a ƙarƙashin farar fitila mai ƙarfi ake ɗaukarsu, wasu an ƙara musu haske, wasu ma na wani turmin ne mai zane iri ɗaya kala daban, sannan an tura daga waya zuwa waya WhatsApp yana rage ingancinsa, ga shi kowace waya da yadda gilashinta yake nuna kala. Sai ruwan zuma ya koma ruwan goro, ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi. Matar ta saya ne a kan abin da ta gani, abin da ya iso mata daban, tana da haƙƙin mayarwa. Ki ce ta ɗauko miki hoton atamfar a waje cikin inuwa, ki haɗa da wanda kika saka, in bambancin a fili yake kar ki ja. Ko ta maido a mota ke ki biya kuɗin motar ki mayar mata da kuɗinta, ko ki rage mata wani abu ta riƙe in ta yarda. Abu ɗaya kawai, ki tambaye ta tun yanzu ko ta kai wa tela, in an sa almakashi maganar mayarwa ta wuce sai dai ragi.

Daga yau kar ki ƙara saka hoton da ba hannunki ya ɗauka ba, kuma kar ki saka kayan da ba su iso gidanki ba sai in kin rubuta ɓaro-ɓaro cewa komande ne, wato sai an sayo, kwana kaza zai yi. Ni yadda nake yi, da hantsi nake fitar da kaya tsakar gida wurin da inuwar katanga take, ba cikin rana tsaka ba don tana wanke kala, ba da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki ba don yana sa komai ya yi ja-ja. In lokacin hazo ne ina goge idon kyamara da gefen mayafi kafin kowane hoto, ƙurar nan tana sa hoto ya yi fari kamar an yayyafa gari. Ina shimfiɗa farin zane a kan tabarma in ɗora kayan, farin yana taimaka wa mai kallo ya gane kalar gaskiya. Hoto ɗaya na turmin gaba ɗaya, ɗaya kusa sosai har a ga zaren, ɗaya na tambarin da ke jiki, sai ɗan bidiyo na daƙiƙa goma ina juya shaddar a hannu ana ganin sheƙinta ana jin ƙararta. Kuma ina rubuta sunan kalar da Hausa a ƙasa, ruwan hoda ko ruwan ƙasa ko makuba, don in hoto ya yi ƙarya rubutu ya kama shi. In akwai tabo ko wurin da zare ya ja, shi nake fara ɗauka. Kin san hadisin da ke cikin Muslim, Manzon Allah (SAW) ya wuce tarin abinci a kasuwa ya sa hannu ciki ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, ya ce me ya sa ba ka sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. A waya hoton farko shi ne saman tarin.

Wani abin da zai iya cin ki nan gaba, tunda Kano kike sarowa, shi ne awo. Can da yadi ake yanka, mu nan da mita muke magana, kuma ba ɗaya ba ne, yadi santimita 91 ne da ɗan kai, mita kuwa santimita 100. Yadi 5 mita 4 da rabi ne da kaɗan. Wannan ni ya taɓa samuna farkon farawata, na rubuta mita 5 alhali yadi 5 aka yanko mini, wani magidanci ya saya zai yi kaftani da wando na salla, saura kwana shida tela ya kira shi ya ce yadi bai kai ba. Har yau ina tuna muryarsa, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi Hajiya kin sa na ji kunya gaban tela. Na mayar masa da kuɗinsa har na ɗinkin da aka fara, washegari na shiga Kasuwar Dole na sayi tef irin na teloli, tun daga ranar ba abin da ke fita gidana ban auna ba. Ki auna shaddar nan taki ma kafin ki ba kowa, kar a gama rigimar kuɗi a shiga ta awo. Atamfa kuma ki rubuta turmi ne mai yadi 6 ko rabi.

Shi kansa kuɗin ki riƙa rubuta shi sau biyu, da lamba da baki: 17.500 F, jikka sha bakwai da rabi. Da haka kika yi ranar Asabar, ko 1 ɗin ya faɗi rubutun zai tona. Kuma mu nan muna da wata matsalar da wasu ba su da ita, lissafin dala. Ke kin rubuta da faran, tsohuwa ta kira ki tana lissafi da dala, dala ɗaya faran 5, in ta ce dubu tana nufin 5.000, ke kin ɗauka jikka ɗaya take nufi ko akasin haka. Ga kuma masu ganin statu ɗinki daga Kano ko Daura ko Maigatari, su in suka ga lamba ba komai a gefenta naira za su ɗauka. Don haka F ko sefa kar ya ɓace a gefen lamba, kuma duk cinikin da aka yi a vokal ki rufe shi da rubutu: shadda ruwan toka, mita 5, 17.500 F, kuɗin mota na mai saye, in kin yarda ki ce to. Sai ta ce to sannan ki ba da lambar turawa. Lambar turawar nan ma ki cire ta daga jikin talla, da ba ta nan da ba wadda ta isa ta tura kuɗi ba ku yi magana ba. Kuma in hannunki na cikin tukunya kar ki amsa tambayar kuɗi, ki ce ina zuwa. Minti goma ba ya korar mai saye na gaske.

Ki san kuma yadda wuraren suke aiki. Saƙon WhatsApp ana iya gyara shi cikin minti 15 da turawa, bayan nan ya zauna. Statu ba a gyara rubutunsa, sai dai a goge a sake, kuma da kansa yake ɓacewa bayan awa 24, shi ya sa in kin goge na kuskure dole ki saka wani nan take mai cewa gyara, kuɗin da na saka ɗazu ba daidai ba ne, ga na gaskiya. Rubutun Facebook ana gyarawa amma ana iya ganin tarihin gyaran, to kar ki canja lamba shiru ki ce ai haka take tun farko, ki rubuta an gyara kuɗi a sama. In wayarki za ta ɗauka ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, yana da katalog inda kowane kaya ke da hotonsa da kuɗinsa da bayaninsa wuri ɗaya, in abu ya ƙare ki ɓoye shi, in kuɗi ya canja ki gyara. Da ɗan littafi na dala arba'in ko hamsin, kowane kaya da lambarsa da uwar kuɗinsa da kuɗin saidawa da guda nawa ya rage, daga littafin za ki riƙa kwafa ba daga ka ba. Saida abu ɗaya wa mutum biyu shi ne kuskuren da ke biyo bayan wannan, littafin ne maganinsa. Kafin ki danna tura, ki karanta da ƙarfi sau ɗaya, ko ki fara tura wa maigidanki ko wata ƙawa ta duba miki.

Kar ki ɓace daga gurup ɗin bayan wannan, kar ki canja lamba, kar ki buloke kowa ko da ta zage ki. Ki bar kwana biyu ko uku ƙura ta lafa, sannan ki saka kaya kaɗan, uku ko huɗu, da hotonki na tsakar gida da awo da kuɗi a rubuce sau biyu. Wasu za su yi shiru su zuba ido, ba komai, suna kallon yadda kika yi da mutum ukun nan ne da ta Tanut.

Yau dai ki fara da maigidanki, sai gurup, sai kiran mata biyun, gidan Inna kuma ki je da la'asar kar ki bari ya kwana. In kin dawo ki rubuto mini yadda kuka yi da ta Tanut, in atamfar ce za ta dawo ki tambaye ta motar da ta sa ta da lambar direba, ki je tasha da kanki ki karɓa ki buɗe a wurin.